Me za a yi da tsohuwar tashar jirgin ruwan Garwa?

Wanda ya sauka bakin Binuwai a Garwa cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yashi zai fara gani kafin ya ga ruwa. Kogin ya janye ya koma siriri a tsakiyar fili, samari na loda yashi a manyan motoci, mata na wanki, makiyayi na tsallakar da shanunsa. In baƙo ne, aka nuna masa dakalin siminti da manyan ɗakunan ajiyar kaya da ke can sama aka ce nan ce tashar jirgin ruwa, zai ɗauka tsokana ce. Amma tasha ce ta gaske, har ta taɓa zama ƙofar arewacin Kamaru da kudancin Cadi zuwa teku. A lokacin kuwa Garwa ba ta zama wannan babban birnin ba, ƙaramin gari ce da kusan kowa ya san kowa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi dako a wurin yana saurayi. Har gobe in yana ba da labarin wancan zamani ba ya lissafi da watanni, da jirgi yake yi: an yi kaza kafin zuwan jirgi, an ɗaura auren wane bayan tashin jirgi. Ya ce ko bashi mutum zai ci, alkawarin biya shi ne in jirgi ya zo.

Shekara da shekaru ke nan magana biyu ake yi kan wannan wuri. Ta farko ita ce ta hukuma, wadda kan taso duk lokacin da manyan baƙi suka zo daga Yawunde: za a yashe kogi, a farfaɗo da tasha, manyan jirage su dawo. Ta biyu ta fi fitowa daga bakin matasan da suka yi karatu ko suka yi tafiye-tafiye: a mayar da wurin na shaƙatawa da adana tarihi, kamar yadda aka yi da tsofaffin tashoshi a ƙananan garuruwan Turai. Ni a ganina maganar farko ce ta hana ta biyu motsi, ita kuma ta biyun, in aka kwaso ta daga Turai yadda take aka jibge a bakin Binuwai, ɓarna za ta yi. Amma sai an fahimci yadda tashar ta rayu da abin da ya kwantar da ita kafin a gane dalili.

Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa, arewa da Ngaundere, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Kafin ya iso Garwa Mayo Kebbi ya zuba masa ruwan da ya kwaso daga Cadi, can gaba kusa da iyaka kuma Faro ya ƙara masa. Masunta da fatake sun daɗe suna bin sa da kwale-kwale tun kafin wani Bature ya san da shi. A watan Yunin 1851 Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tsaya a mahaɗar Binuwai da Faro kan hanyarsa ta zuwa Yola, labarinsa kuma ya tayar da kwaɗayin Ingila. A 1854 William Baikie ya hau kogin da jirgi mai tururi, bai kai Yola ba, amma ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa mutum ko ɗaya ba saboda kwinin da yake ba su. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya ce Kwara da rassanta hanya ce buɗaɗɗiya ga jiragen kowa.

Daga nan aka shuka matsalar da har yanzu muke girba. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta raba ƙasar Modibbo Adama gida biyu, Yola ta faɗa hannun Ingila, Garwa ta faɗa hannun Jamus. Kogi ɗaya, kansa na wata ƙasa, bakinsa na wata. Jamusawa sun kama Garwa da yaƙi a 1901, a watan Yunin 1915 kuma suka miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa, bayan an hauro da babbar bindigar jirgin yaƙi ta kogin an girke musu. A zamanin Faransa ne aka gina dakalin da sito-siton, kuma bayan yaƙin duniya na biyu harka ta kankama, musamman da kamfanin CFDT ya yaɗa noman auduga a arewacin Kamaru daga farkon shekarun 1950. A Cadi kuwa tun 1928 kamfanin Cotonfran ke sayen audugar da aka tilasta wa talakawa nomawa.

Ga yadda abin ke gudana, don a nan sirrin yake. Babban jirgi ba ya iya kaiwa Garwa sai kogi ya cika, wato wajen Agusta zuwa Oktoba, wata biyu zuwa uku in damina ta yi kyau. Jiragen kuma masu shimfiɗaɗɗen gindi ne, wasu ma ba su da inji, wani jirgin ne ke tura su ko ja, daga Burutu da Warri a bakin teku, su bi ta Anaca, Lakwaja, Makurɗi, Ibi, Numan da Yola, tafiyar kusan kilomita 1,500. Suna haurowa da siminti, gishiri, man fetur, kananzir, ƙarafa da atamfa, su gangara da dilolin auduga da buhunan gyaɗa da fatu. To, auduga ana tsinkar ta ne da kaka, a gurje ta da rani. Ke nan dilar da aka ɗaure a Janairu a Garwa, ko aka kawo a mota daga Lere ko Pala a Cadi, sai ta kwana wata shida ko bakwai a sito tana jiran ruwa. Shi ma ɗan kasuwa mai shigo da kaya dole ya sayi na shekara guda a lokaci ɗaya, ya biya, ya jibge. Shi ya sa sito-siton suka yi girman da suka yi.

Wannan tsari yana da arha a kuɗin dako, don ba abin da ya kai ruwa sauƙin ɗaukar kaya masu nauyi, amma yana da tsada a kuɗin da ke kwance. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, masu jiragen kansu da bankuna a bayansu, su ne ke iya jure wannan jira. Bahaushe dillali ko mai shago a kasuwa daga hannunsu yake sara. Idan kuma ruwa ya janye da wuri, jirgi ya kafe a yashi, kayan da ba a kwashe ba sai baɗi. Kawu ya ce a waɗannan makonni ba dare ba rana, da fitila ake loda, mutum ya samu a wata biyu abin da zai ci rabin shekara, in bai ɓatar ba.

Yawancin mutanen Garwa in ka tambaye su me ya kashe tashar, madatsar ruwan Lagdo za su ce. Akwai gaskiya a ciki, amma Lagdo ta tarar da mara lafiya ne a kwance.

Bugun farko yaƙin basasar Najeriya ne, daga 1967 zuwa 1970. Ƙasan Kwara ya zama fagen daga, Anaca da Asaba na cikin wuta, jirage suka daina hawowa. Auduga kuwa ba ta jiran a gama yaƙi. Kamfanoni suka nemi wasu hanyoyi, kuma ɗan kasuwa in ya saba da sabuwar hanya da wuya ya waiwayi tsohuwa. Bugu na biyu shi ne jirgin ƙasa. An shimfiɗa dogo daga Yawunde, ya kai Belabo a 1969, ya isa Ngaundere a 1974, da tallafin kuɗi daga Amurka da Faransa da ƙungiyar Turai. Daga Ngaundere zuwa Garwa ƙasa da kilomita 300 ne a mota, ta gangaren dutsen nan da direbobi ke tsoro. Nan take dilar auduga ta samu hanyar Duwala wata goma sha biyu a shekara, ba jiran damina. A wannan shekarar ta 1974 aka kafa Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, hedkwatarta a Garwa, kuma ita dogo ta sani.

Akwai siyasa a ciki, ba kuɗi kaɗai ba. Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, ɗan Garwa ne, a nan aka haife shi a 1924, babban burinsa kuma shi ne ɗaure arewa da kudu su zama ƙasa guda. Arewar da gishirinta da simintinta da fetur ɗinta ke fitowa daga Burutu, fuskarta na kallon Najeriya ne. Kuɗin duwan, wato na kwastam, na tafiya wata tasha, ga bambancin kuɗi tsakanin sefa da fam, daga baya naira. Ba na jin wani shugaba a matsayinsa zai yi dabam. Abin dai da ban mamaki, ɗan garin ne ya shimfiɗa dogon da ya janye wa tashar garinsu abinci.

Sannan Lagdo ta zo. Sinawa suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa, tana ba da wutar megawat 72 da ta haska arewa. Aikin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan, ita kuwa tasha wannan tumbatsar ta damina ce ranta. Manoman masakwa na fadama, abin da Fulani ke kira muskuwari, su ma sun ji a jikinsu, don ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa ta ragu. Ga yashi kuma. Tun daga shekarun 1970 jama'a suka yi ta kwararowa daga can arewa mai nisa zuwa kwarin Binuwai neman gona, aka sare daji, aka yi noma har gaɓar rafuka, kowace damina ƙasa na zubowa cikin kogi. A duniya kuma kwantena ta riga ta canja yadda ake dakon kaya tun daga 1956, tashar da ba ta da injin ɗaga ta kuwa an bar ta a baya ko da ruwanta ya kai zurfin rijiya.

Dokar gyaran tashoshin ruwa ta 1998 ta lissafa Garwa tare da Duwala, Kiribi da Limbe, daga baya kula da wurin ya koma hannun hukumar birni. A takarda dai tasha ce har yau.

Masu cewa a yashe kogi ba sa son a yi musu lissafi. Ɗan guntun sama ne kawai na Kamaru, mafi tsawon hanyar na cikin Najeriya, saboda haka ko an kwashe yashin Garwa kaf, jirgi ba zai wuce Numan ba sai maƙwabta sun yi nasu. Su kuma nasu mun ga yadda ya kasance. A 2009 gwamnatin Umaru 'Yar'aduwa ta ƙaddamar da yashe ƙasan Kwara daga Warri zuwa Baro, a Janairun 2019 aka buɗe tashar Baro da biki, bayan shekaru kuma jaridun Najeriya na ta ba da labarin tana zaune ba aiki, ko hanyar mota mai kyau zuwa wurin babu. Kwara ke nan, babban kogin da Binuwai ke zuba wa ruwansa. Yasar kogi kuma ba aikin sau ɗaya ba ne, kamar sharar tsakar gida ce da hunturu, ka share yau gobe ƙura ta dawo. Madatsar Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina a Adamawa don daidaita ruwan Lagdo, har yanzu ba a gina ba, sai dai a tuna da ita duk shekarar da ambaliya ta yi ɓarna, kamar 2012 da 2022.

Wannan jiran gawon shanun yana da illa da ba a cika lura da ita ba. Muddin ana cewa manyan jirage na nan tafe, ba wanda zai ɗauki wurin a matsayin tarihi da ya kamata a adana, don ai gobe za a rushe a gina sabo. Ba kuma wanda zai zuba kuɗinsa ya gyara, don goben ba ta zuwa. Tsakanin biyun rufi ke yoyo, ƙarfe ke tsatsa.

Yanzu mu leƙa inda aka yi abin da matasanmu ke so. A kudu maso yammacin Ingila, yankin Konwal, akwai wani ƙauye Charlestown. Wani attajiri Charles Rashleigh ne ya gina tasharsa a shekarun 1790 don fitar da tagulla, daga baya farar ƙasar da ake yin tangaran da ita. Jirage suka yi ta girma, ƙofar tashar ba ta girma ba, ciniki ya koma wasu tashoshi, kafin ƙarshen ƙarni na 20 harka ta tsaya. Talaucin da ya hana a faɗaɗa ta shi ya cece ta, don ta tsaya yadda aka gina ta. Yau tsofaffin jirage masu filafilai ke zaune a ciki, masu shirya fina-finan tarihi na haya, kuma tun 2006 tana cikin wuraren haƙar ma'adinai na Konwal da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya.

Honfleur ta Faransa ta fi kama da tamu, don ita ma laka ce ta cinye ta. Tana bakin kogin Sen, daura da Le Havre da ta ƙwace mata ciniki. Daga nan Samuel de Champlain ya tashi a 1608 ya je ya kafa birnin Kebek na Kanada. Tsohon kwarmin tashar na 1681 yanzu cike yake da ƙananan jiragen shan iska, gidajen abinci sun kewaye shi, garin da mutanensa ba su kai dubu goma ba na karɓar baƙi miliyoyi a shekara. Abin da ya fi jan hankalina shi ne rumbunan gishirinsu na 1670, waɗanda aka gina don masu kamun kifi, yanzu a ciki ake baje kolin zane-zane da taruka. Sito ne kamar namu, ba a rushe ba, aiki aka canja masa.

Amma akwai abin da hotunan Facebook ba sa nunawa. A irin waɗannan garuruwa gidajen bakin ruwa sun koma hannun attajiran birni da ke zuwa hutu sau biyu a shekara, jikokin masunta da 'yan dako sun kasa biyan haya sun koma bayan gari. Abin ya kai a 2016 mutanen St Ives, a wannan yanki na Konwal, suka kaɗa ƙuri'a cewa duk sabon gidan da za a gina sai na mazauni, ban da na ɗan hutu. Aikin da yawon buɗe ido ke kawowa shi ma na lokaci ne, kamar jirgin kawu, sai dai shi wanke kwanuka ne maimakon dako. Tarihin da ake ba baƙi kuma zaɓaɓɓe ne. Honfleur ta yi cinikin bayi a ƙarni na 18, amma ba shi mai yawo da kai zai fara faɗa maka ba.

Mafi kusa da mu ita ce Gran Basam ta Kodibuwa, hedkwatar farko ta mulkin Faransa a can daga 1893, kafin cutar shawara ta kore su zuwa Bingerville. Tasharta ta mutu da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, Abijan ta samu tasha mai zurfi. A 2012 ta shiga jerin UNESCO. Mutanen Abijan kan cika bakin ruwanta ranakun hutu, amma da yawa daga tsofaffin gine-ginen kamfanoni na nan a kangonsu, itatuwa na tsirowa a bango. Shiga jeri ba ya rufa kwano. Harin da aka kai bakin ruwan a Maris 2016 kuma ya nuna yadda wannan sana'a ke da saurin karyewa. Mu ba sai an faɗa mana ba. Tun da aka sace wasu iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013, Turawan da ke sauka a Garwa su wuce gandun dajin Binuwai ko Waza suka yi ƙaranci, masu masauki da direbobi da masu sayar da kayan fata sun san abin da suka gani.

Saboda haka duk wanda ya zana wa bakin Binuwai tsari yana hangen Bature da kyamara a wuya, ya yi ginin toka. Baƙon Garwa na gaskiya mun gan shi a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka. Najeriya ta buga wasanninta na rukuni a filin Rumde Ajiya, ta ci Masar ɗaya ba ko ɗaya, kafin Tunisiya ta fitar da ita a nan ɗin. 'Yan Yola da Mubi da Kano suka cika gari. Waɗanda suka sauka a gidanmu, da safe abin da suka tambaya shi ne a kai su kogi su ga dorina, su ci gasasshen giwan ruwa. Na kai su. Ba wurin zama, ba inuwa, ba banɗaki, ba wani allo da zai gaya musu cewa jiragen da suka taɓa tsayawa a nan ta ƙofar gidajensu suka biyo. Muka tsaya a rana muka ɗauki hoto muka juyo.

Wannan baƙo, da magidancin Garwa da ke neman inda zai kai iyalinsa da la'asar ko ranar Sallah, da 'yan makaranta, su ne kasuwar. Abin da suke so ba shi da tsada: itatuwan inuwa, benci, fitila, wurin alwala da salla, mai shayi, mai tsire, mai kifi, da shinge a inda ruwa ke da zurfi. Garwa gari ne na Musulmi da Kirista, kuma wurin da ya zama na mashaya zalla rabin gari ba zai taka shi ba, wannan sai an yi shi da hankali tun farko. Dorina kuma ba abin wasa ba ce, tana kisa in ta fusata, duk mai ɗaukar mutane a kwale-kwale don kallo ya kamata a san shi, a san yana da rigunan ruwa.

Babban bambancinmu da Charlestown shi ne tamu tashar ba ta mutu murus ba, ƙanƙancewa ta yi. Da damina manyan kwale-kwalen katako masu inji na zirga-zirga tsakanin Garwa da Yola, suna kawo kayan roba da na masarufi, suna komawa da hatsi. Man fetur ɗin nan da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, wanda ake kira zuwa-zuwa, wanda ya riƙe babura da gidaje da yawa kafin Najeriya ta cire tallafi a 2023, wani ɓangarensa ta ruwa yake biyowa. Ga masu haƙar yashi da garin ke ginuwa da guminsu, ga masunta, ga masu wanki. A idon mai zanen tsari waɗannan su ne ƙazantar da za a kawar don wuri ya yi kyau. A idona su ne abin da ya rage na tashar, kuma su ne abin kallon. Baƙo ba zai zo daga Marwa don ya ga fili da fulawoyi ba, amma zai tsaya ya kalli yadda ake sauke kwale-kwale, yadda ake ɗinke ragar kamun kifi. A raba gaɓar kawai, nan wurin aiki, nan wurin zama, a gyara wa masu aikin mashigarsu. Wannan ƙaramar zirga-zirgar ita ce cinikin ruwan da za a iya bunƙasawa da gaske, don ba ta buƙatar a yashe kilomita dubu.

Sai kuma a tuna kogin nan yana da ranar fushinsa. A 2012 ya shiga unguwanni ya raba dubban mutane da gidajensu. Mayo Kebbi ba shi da madatsar da ke riƙe shi kafin Garwa, Lagdo kuma in ta cika dole a buɗe. Duk abin da za a kafa a ƙasan gaɓa ya zama wanda ruwa zai hau ya sauka bai lalace ba, ko wanda za a ɗauke a kai tudu. Turawan da suka gina dakalin sun san haka, shi ya sa ya yi tsayin da da rani kake ganin kamar an gina shi don wani kogin dabam.

Maganar da ta fi kowace wuya ita ce ta mallaka. Fili a bakin ruwa a tsakiyar birni dukiya ce, ranar da aka ce ya tashi daga tasha ya koma wurin shaƙatawa, ranar masu ido da kwalli za su bayyana. Abin da na fi tsoro shi ne a yanka shi fuloti-fuloti, kowa ya ja katanga har bakin ruwa, a wayi gari ɗan Garwa sai ya biya kuɗin shiga otal kafin ya ga Binuwai. Kafin a dasa itace ɗaya ya kamata a rubuta cewa gaɓar ta jama'a ce, hanyar ƙafa a buɗe take daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuɗin hayar rumfuna kuma wani kaso nasa na gyaran wurin ne.

Tarihin kuma wanne za a adana? In aka bar wa masu ofis, hotunan gwamnonin Faransa da jiragen kamfani za a rataya. Su ma a rataya su. Amma sito guda ya isa ya ɗauki labarin manomin Cadi da aka auna wa gonar auduga da igiya aka ce dole ya noma, da matuƙan Nufawa da Kakanda da Jukunawa da suka san kogin kamar tafin hannunsu, da fataken Hausawa da suka kafa unguwanni, da matan da ke dafa wa 'yan dako abinci. Akwai tsofaffin sikeli, akwai littattafan lissafi in gara ba ta gama da su ba. Mafi gaggawa kuma mutanen ne. Wanda ya yi dako yana ɗan shekara ashirin a 1965 yanzu yana wajen tamanin. Naɗar muryoyinsu ba ya jiran kasafin kuɗi daga Yawunde, wayar hannu ce da ɗalibai goma da suka iya Fulatanci da Hausa.

Ni na fara da kawu. Bayan Sallar layya na ɗauke shi a babur muka je, da ƙyar ya sauka. Ya ce, ɗana, bi ni nan. Yana dogara sanda yana neman turakun ƙarfen da ake ɗaure igiyar jirgi, yana nuna mini inda ake jera diloli, inda magatakarda ke zama da littafinsa yana ba kowa tikitin buhun da ya ɗauka. Wasu samari masu loda yashi suka tsaya suna saurare, ɗaya ya ce, Baba, wai da gaske jirgi mai hayaƙi ya taɓa tsayawa a nan? Kawu ya nuna masa saman dakalin da sandarsa ya ce ruwa har nan yake kawowa. Yaron ya ɗaga kai ya duba tsayin, ya dubi yashin da yake tsaye a kai, ya yi dariya ya koma kan shebur ɗinsa. Muka yi minti arba'in ina naɗa, har batirin wayata ya ƙare yana tsakiyar labarin shekarar da wani jirgi ya kafe a ƙasan gari ya kwana rani guda a kan yashi.